Shaidar da ke Ƙarƙashin Bututu: Tarihin Hatimin Bindiga Mai Baki Biyu

Duk tsohuwar bindiga mai baki biyu tana ɗauke da rubutu iri biyu. Akwai na sama, wanda aka zana da kyau a kan siririn ƙarfen da ya ratsa tsakanin bututun biyu: sunan kamfani, sunan titi, sunan birni, wani lokaci har da ruwan zinariya. Shi ne abin da mai sayarwa yake so ka gani. Akwai kuma na ƙasa, wanda ba a isa gare shi sai an kwance bindigar. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka cire guntun katakon da hannun hagu yake riƙewa, ka tura ɗan mariƙin da ke sama zuwa dama, bututun ya karyo ƙasa, ka zare shi ka kifa. A gindinsa akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri da bai wuce faɗin yatsu uku ba. Goge tsohon man da ya daskare a kai da tsumma, ka karkata shi wajen haske. Za ka ga kambi, da haruffa, da lambobi, an doka su da guduma babu wani ado, wasu a karkace, wasu sun hau kan 'yan uwansu. Waɗannan hukuma ce ta buga su, ko maƙerin yana so ko ba ya so, kuma tarihinsu ya doshi shekara ɗari huɗu.

Asalin maganar fashewa ce. A da, bututun bindiga naɗe shi ake yi a maƙera, a lanƙwasa ƙarfe a jikin sanda a yi ta duka har bakinsa ya haɗe. In haɗin bai kama ba a wani wuri, ido ba ya gani. Sai ranar da aka ɗura albarushi aka harba, ƙarfen ya tsage daidai inda hannun hagu yake. A 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan takardar izini, da ikon gwada duk bindigar da za a sayar a birnin da kewayensa. Gwajin ba shi da wata dabara mai zurfi. A jera bututu a ɗaki mai kaurin bango, bakinsu na kallon tulin yashi, a ɗura wa kowanne albarushi da dalma fiye da abin da zai taɓa ɗauka a wajen farauta, a ja zaren albarushi zuwa waje, a rufe ƙofa, a kunna. Wanda ya fashe ya tafi. Wanda ya tsira a wanke shi, a duba ko ya kumbura ko ya yi tsaga, sannan a buga masa GP da kambi a kai, alamar ya ci gwaji, da V da kambi, alamar an duba shi da ido. Tun 1757 ɗakin gwajin na Landan yake a unguwar Whitechapel, kuma har gobe yana aiki.

Sai dai yawancin bindigogin Ingila a Birmingham ake ƙera su, inda ikon mutanen Landan bai kai ba. A can aikin rarrabe yake: wannan bututu kawai yake yi, wancan ƙota, wancan kunama, yara na kai da kawowa tsakanin ƙananan maƙeru da kaya a kafaɗa. Manyan maƙera suna gwajin kansu, ƙanana kuwa sai abin da Allah ya yi. Nan ne labarin ya taɓo mu, domin a ƙarni na 18 babbar kasuwar arahar bindiga ita ce gaɓar Afirka ta Yamma, inda ake musayarta da bayi. Dubban ɗaruruwa ake saukewa a shekara, daga Ingila da sauran ƙasashen Turai, kuma mafi ƙasƙancinsu sun yi ƙaurin suna wajen cire wa mai harbi yatsu. Iyalan Galton na Birmingham sun tara dukiya da wannan sana'a, har 'yan ɗariƙarsu ta Quaker, waɗanda ba su yarda da yaƙi ba, suka tuhumi Samuel Galton a kanta a shekarun 1790. Ba tausayin mutumin Afirka ne ya sa aka gyara ba. Maƙeran Birmingham ne suka gaji da gorin da 'yan Landan ke yi wa kayansu, suka nemi majalisa ta ba su nasu ɗakin gwaji. A 1813 aka yi dokar, aka gina shi a titin Banbury. Tambarinsa sandunan sarauta biyu a gicciye da kambi a sama, ɗaya da haruffan B, P da C a tsakani, ɗaya da V. An yi amfani da shi har 1904. Dokar 1855 ta kawo gwaji sau biyu, na farko tun bututun yana ɗanye, na biyu bayan an gama haɗa bindigar. Ta 1868 kuwa ita ce har yau ginshiƙi, bayan gyare-gyare: laifi ne a Birtaniya ka sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji.

Ana cikin haka bindigar kanta ta sauya kama. Bafaranshe Casimir Lefaucheux ya ƙera wadda ake karyawa a sa mata harsashi ta baya, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851, maƙeran Ingila suka yi caa a kanta. Shekara talatin da suka biyo baya kowa ƙoƙarinsa ya fito da sabuwar hanyar kulle bututu ya yi mata rajista. Henry Jones ya kawo mariƙin da ake murɗawa a ƙasa a 1859. Purdey ya kawo sakatar da ke kama bututun ta ƙasa a 1863, Scott ya haɗa ta da mariƙin sama a 1865. A 1875 wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards su biyu, William Anson da John Deeley, suka ɓoye gudumomin nan biyu da ake ɗanawa da babban yatsa, suka mai da su cikin jikin bindigar, ta yadda karya ta kawai ya isa ya ɗana ta. Duk wanda ya kwaikwayi wannan sai ya biya kuɗi, a buga masa sunayensu da lambar biya a jikin ƙarfen. Rajistar shekara 14 take yi a lokacin. Saboda haka in ka ga sunan Anson da Deeley tare da irin wannan lamba, bindigar tsakanin 1875 ne da 1889. Sai dai kada ganin gudumomi a waje ya sa ka ce lallai ta girmi wannan lokaci, domin an ci gaba da ƙera masu guduma har cikin ƙarni na 20, saboda araha da sauƙin gyara.

Lambar da kowa ya fi sani ita ce 12. A raba laba ɗaya ta dalma gida goma sha biyu, a mulmula kowane kashi. Bututun da ƙwallo ɗaya ya cika shi daidai, shi ne lamba 12, faɗinsa inci 0.729, wajen milimita 18.5. Shi ya sa 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 kuma ta fi 16. Wannan lissafi ya zauna lafiya muddin bututu faɗinsa ɗaya daga gindi har baki. Sai aka gano cewa in an ɗan shaƙe bakin, ƙwayoyin dalma sun fi tafiya a dunƙule, su kai nesa. W. R. Pape na Newcastle ya yi rajistar wani nau'i a 1866, Amurkawa ma suna da'awar su suka fara, amma W. W. Greener na Birmingham ne ya sa duniya ta yarda, da ya lashe gasar da mujallar The Field ta shirya a 1875. Nan take masu gwaji suka hango matsala: me zai faru in wani ya tura dunƙulallen harsashi guda ta wannan shaƙaƙƙen baki? Sai suka fara buga NOT FOR BALL, gargaɗin kada a sa dunƙule, tare da lambobi biyu irin 12B da 14M, na farko faɗin gindi, na biyu faɗin baki. Shekara goma sha biyu kawai wannan rubutu ya yi, daga 1875 zuwa 1887, aka maye gurbinsa da CHOKE. A ganina babu hatimin da ya kai shi amfani ga mai neman shekarun bindigar Ingila.

Dokokin 1887 sun ƙara tsaurara awo. Aka shigo da lambobi irin 13/1, wato inci 0.719, tsakanin 13 da 12, da kuma 12 da C a cikin ɗan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa, mai nuna girman harsashin da ɗakin gindi yake ɗauka. Mutane da yawa suna ganin 13 su ɗauka sun samu wata baƙuwar bindiga da babu harsashinta a kasuwa, alhali 12 ce aka ɗan matse cikinta. Daga nan sai albarushi marar hayaƙi ya shigo, wanda ƙarfinsa da yadda yake ci ba irin na baƙin albarushi ba ne, aka fara buga NITRO PROOF da nauyin dalma, misali oza 1⅛. A 1904 Birmingham ta ajiye sandunan sarauta ta koma BP, BV da NP, kowanne da kambi. Landan kuma ta ɗora wa nata NP hannu riƙe da takobi. Daga 1921 Birmingham ta ƙara ɗan ƙaramin tambari, takubba biyu a gicciye da harafin da ke nuna shekara. A 1925 aka fara rubuta tsawon ɗakin harsashi da inci. Dokokin 1954 suka kawo BNP da kambi, da ƙarfin matsi da tan, irin 3 TONS. A 1989 aka koma awon milimita.

A ɗauka ga bindiga a hannu. A ƙasa ka ga BP, BV da NP masu kambi, da 13/1, da CHOKE a bututun hagu kaɗai, da 1⅛ oz, babu tsawon ɗaki, babu takubba. Ka riga ka san abubuwa da yawa tun ba ka ɗaga kai ka duba suna ba: a Birmingham aka gwada ta, bayan 1904, kafin 1921, da albarushi marar hayaƙi; bakin dama a buɗe yake don tsuntsun da ke kusa, na hagu a shaƙe don wanda ya yi nisa. In sunan da ke sama na wani shago ne a Landan ko Edinburgh ko Kalkata, ba ƙarya aka yi maka ba. Haka sana'ar take, Birmingham ta ƙera, mai shago ya sa sunansa.

Inda ƙarya take sosai sai an tsallaka ruwa. Birnin Liège, a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya daɗe yana gogayya da Birmingham, kuma ya fi ta arahar ma'aikata. Gwaji ya zama dole a can tun 1672, a zamanin Maximilian Henry, wanda yake sarki kuma babban limamin cocin birnin. Dokar Napoleon ta Disamba 1810 ta kawo tambarin da ya fi kowanne yawa a duniyar tsofaffin bindigogi: haruffan E, L da G da ɗan tauraro a cikin zagaye mai siffar ƙwai. A 1893 aka ɗora masa kambi, bayan an ƙarfafa gwajin don Jamus ta yarda da shi. Kusa da shi za ka ga wata 'yar hasumiya siririya, hoton wani ginshiƙi ne da ke tsakiyar kasuwar Liège, alamar 'yancin birnin. Akwai harafi guda na ma'aikacin da ya duba, da kambi a kansa kafin 1877, da tauraro bayan nan. Zaki a kan PV yana nufin albarushi marar hayaƙi. Faɗin ciki da milimita suke rubuta shi, 18.4 ko makamancinsa, daga baya kuma 12-65 ko 12-70 don tsawon kwanso.

A ƙarshen ƙarni na 19 Liège ta cika Amurka da arahar bindiga mai baki biyu, manomi ya aika 'yan daloli ta gidan waya a aiko masa. Dillalai sun san manomin ya taɓa jin sunan manyan maƙera, amma bai taɓa riƙe aikinsu ba. Sai ga bindigogi ɗauke da W. Richards, don kunne ya ji kamar Westley Richards, wanda tun 1812 yake sana'a kuma cikakken sunansa yake sa wa kayansa. Ga T. Barker da T. Parker, don a tuna da Parker Brothers na jihar Connecticut. Ga J. Manton, alhali Joseph Manton, uban maƙeran Landan, ya rasu tun 1835, kafin wannan irin bindiga ta shigo Ingila. A kan siririn ƙarfen sama a rubuta London Fine Twist. Kama da wane ba wane ba ce. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne dokar Beljiyam ba ta damu da abin da ka zana a sama ba, amma ba ta yarda bututu ya fita ba tare da ELG a ƙasa ba. Haka bindiga ɗaya take ɗauke da ƙarya da abin da ke ƙaryata ta, tazararsu bai kai inci biyu ba. (Akwai wani W. Richards na gaskiya a Liverpool, mai aiki mai kyau, wanda wannan ta'asa ta ɓata wa suna; nasa hatimin Ingila ne a ƙasa.) Bayan dokar harajin McKinley ta 1890, Amurka ta tilasta a rubuta ƙasar da kaya suka fito, don haka kalmar Belgium a jikin ƙarfe ita ma tana taimakawa wajen sanin zamani.

Ita kanta Amurka ba ta taɓa kafa ɗakin gwaji na gwamnati ba. Kamfani ne ke gwada kayansa. Kamfanin Crescent na Norwich a Connecticut ya ƙera bindigogi da ɗaruruwan sunaye, duk shagon da ya yi oda da yawa a buga masa wanda yake so. In ka kifa bututu ka ga wayam, babu kambi babu komai sai lamba, galibi can ta fito.

Zanen da ke jikin bututun ma shaida ne. Wanda ake kira Damascus, sandunan ƙarfe mai taushi da mai tauri ake jerawa, a gasa su a wuta a doke su har su manne, a murɗe su, a buga su zama ɗamara, a naɗe ta a jikin sanda ana duka har ta zama bututu. In aka goge aka sa ruwan asid sai zane ya fito yana zagayawa kamar zanen lalle a hannun amarya. Ƙauyukan kwarin kogin Vesdre kusa da Liège, irin su Nessonvaux, su ne gwanayen wannan aiki, har manyan kamfanonin Ingila da Amurka a wurinsu suke saye. Da ya yi farin jini sai aka fara jabunsa, a ɗauki bututun ƙarfe zalla a zana masa da asid. Ana ganewa ta wurin da hannu ya goge: na gaske zanen yana cikin naman ƙarfen, na jabu ya tafi da fata. Wajen 1880 narkakken ƙarfen Sir Joseph Whitworth, mai tambarin damin alkama, da na Krupp na Jamus, mai zobba uku, suka fara ture shi. Da aka daina yayinsa kuma sai aka juya: wasu suka riƙa shafe Damascus da baƙi don ya yi kama da sabon ƙarfe.

Jamus ta makara. Dokarta ta 1891 ce, ta fara aiki a 1893, amma ta zo da tsari: kambi a kan U an duba, a kan S bututun ƙwayoyi ne, a kan W bakin a shaƙe yake, a kan G cikinsa na da tsaga irin ta bindigar harbin nesa. Kayan da doka ta tarar a shago an buga musu V. Garuruwan Suhl da Zella-Mehlis sukan ƙara wata da shekara a lambobi, abin da ke hutar da mai bincike. Dokar 1939 ta sa kambi ya ba wa gaggafa wuri. Faransa tana da Saint-Étienne, garin kamfanin Manufrance mai Idéal da Robust. Sifaniya tana da Eibar, mai harafin shekara daga 1927, Italiya kuma Gardone. A 1914 wasu daga cikin ƙasashen suka yi yarjejeniyar amincewa da hatimin juna. Birtaniya ba ta shiga ba sai 1980.

Ta yaya irin wannan bindiga ta iso ƙasashenmu? Ta ƙaramar ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya haɗa da mu, ta bar musu masu ƙyastu da ake ɗurawa ta baki, dangin adaka, da albarushin kasuwa. Liège ta ci gaba da ƙera waɗannan don Afirka har tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da Turai ta manta da su. Mai baki biyu da ake karyawa sai mai lasisi: jami'in mulkin mallaka, hafsan soja, ma'aikacin kamfani, da wanda hukuma ta ga dama. Irin waɗannan Turawa da yawa daga shagon Army & Navy da ke titin Victoria a Landan suke yin sayayya kafin su hau jirgi. Shagon, wanda aka kafa a 1871, ba shi ne yake ƙera bindigoginsa ba; kamfanoni irin Webley & Scott ke yi masa. Littattafan cinikinsa suna ajiye a Jami'ar Glasgow, kuma da lambar bindiga ana iya gano wanda ya fara sayenta. Yarjejeniyar ta kuma ce a yi wa bindigogin masu lasisi alama da rajista, shi ya sa akan ga wata lamba dabam, mai kaushin bugu, a jikin ƙota ko ƙarfe, wadda ba ta maƙeri ba ce, ba kuma ta ɗakin gwaji ba.

Idan ƙasa ta gaskata sama, to sunan ma yana da abin faɗa. Purdey yana lamba 314½ a titin Oxford har farkon shekarun 1880, sannan ya koma South Audley, kuma bai zama James Purdey & Sons ba sai 1877. H. Holland ya zama Holland & Holland a 1876. Giwa tambarin Greener ce, bindigogi uku a jingine da juna na kamfanin BSA. Lamba 1 ko 2 da zinariya a kan mariƙi tana nufin tagwaye ne aka raba, irin waɗanda attajiri yake harba ɗaya bara yana ɗura masa ɗaya. Ɗan farantin azurfa a ƙarƙashin ƙota wurin haruffan sunan mai ita ne. In ka leƙa baki ka ga tsaga a inci biyun ƙarshe kawai, kada ka ce lalacewa ce: dabarar Kanar George Fosbery ce, wadda Holland & Holland suka fitar a 1886 da sunan Paradox, don a harbi tsuntsu da ƙwayoyi a kuma harbi babbar dabba da dunƙule. Ƙota mai lanƙwasa sosai zuwa gefe kuwa an yi ta ne don wanda yake harbi da kafaɗar dama amma da idon hagu yake gani.

Hatimi dai ranar da aka buga shi kawai yake yi wa shaida. Tsatsa tana cin ciki, mai gyara ya kankare don ya yi sheƙi, bango ya ƙara sirancewa. A ƙa'idar Ingila, in faɗin ciki ya zarce abin da aka buga da wani ƙayyadadden awo, ko an zurfafa ɗakin harsashi, gwajin ya faɗi, sai an mai da ita an sake. In ta ci, a buga R da kambi. In an yanke tsofaffin bututu aka dasa sababbi a tsohon gindi, a buga SLEEVED, kuma mai lura zai ga siririn layin haɗi inci kaɗan daga gindin. Mafi yawan tsofaffin bindigogin Ingila ɗakinsu inci 2½ ne, milimita 65, harsashin kasuwa na yau kuwa galibi milimita 70 ne. Yana shiga, bindigar ta rufe lafiya lau, domin tsawon da ake nufi na kwanson da ya buɗe ne bayan harbi, kuma yawanci an cika shi da ƙarfin da ya wuce wanda aka gwada ta da shi. Wadda ba ta da NP ko PV ko makamancinsu, da baƙin albarushi kaɗai aka san ta. Kaurin bango kuma ba a sanin sa da hasken tocila. Maƙerin bindiga yana da ma'auni na musamman da yake zurawa ciki, ya bi bututun inci bayan inci yana karanta lamba.